Sitikar siyasa da fentin mota: Asarar da ake tafkawa wurin kankarewa a Dandin Mahe

Idan mutum ya tsaya a inda motocin haya ke lodi a Dandin Mahe, cikin Ƙaramar Hukumar Shagari ta Jihar Sakkwato, ya ƙura wa ababen hawa ido na ɗan lokaci, zai iya karanta wani yanki na tarihin siyasar jihar a jikinsu. Ga Golf mai ragowar tsintsiya a ƙofar baya. Ga Sharon da rabin lema ya maƙale a murfin but ɗinta. Ga babur ɗin kabu-kabu ɗauke da hoton ɗan takarar da rana ta cinye wa fuska, babu abin da ya rage sai hula.

Amma abin da ya fi sitikar yawa shi ne tabonta. A nan wani baƙin murabba'i ne da ƙura ta manne wa. A can zane-zanen reza ne, tamkar kaji sun yi tono. A wata motar kuwa fentin ne ya dushe a wuri guda, ya yi fari-fari kamar an watsa masa toka, alamar an goga masa abin da bai dace ba.

Liƙa sitika aikin minti ɗaya ne, sau da yawa ma kyauta ake yi, har a haɗa wa mai mota da kuɗin mai. Wurin cirewa ne ake tafka asara. Ga direban da motar ita ce jarinsa, wataƙila ma bai gama biyan kuɗinta ba, wannan ba maganar ado ba ce kawai. Ranar da ya kai ta kasuwa, dillali zai ƙirga kowane tabo ya zabge shi daga farashi.

Me ke kawo gaggawar?

Sakkwato jiha ce da manyan 'yan siyasarta suka saba sauya sheƙa. Aliyu Magatakarda Wamakko ya bar ANPP ya ci gwamna a PDP a 2007, sannan ya koma APC a 2013. Aminu Waziri Tambuwal ya hau mulki a APC a 2015, ya koma PDP a 2018. A zaɓen 18 ga Maris, 2023 kuma Ahmad Aliyu na APC ya karɓe kujerar. Duk lokacin da babba ya juya, magoya baya kan juya tare da shi, sai sitikar da ta kasance abin alfahari jiya ta wayi gari abin kunya, ko ma abin tsoro. Direban da ke bin hanyar Boɗinga zuwa Sakkwato kullum ba ya fatan ya faɗa cikin ayarin 'yan bangar wata jam'iyya alhali hoton abokin hamayyarsu na ƙofarsa. Gilashi ɗaya aka fasa masa, ribar kwanaki ta tafi.

Akwai kuma doka. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka gudanar da zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta hana amfani da abin hawa mai ɗauke da launi ko alamar jam'iyya a rumfar zaɓe, ko cikin tazarar mita 300 daga gare ta, a ranar jefa ƙuri'a. Wanda ya tuna da wannan a daren jajibere, ba shi da lokacin lallaɓawa. Fitilar waya a hannu ɗaya, reza a ɗayan.

Ba siyasa kaɗai ke barin wannan aiki ba. Bas-bas ɗin da ake shigowa da su daga Turai kan zo da sunayen kamfanonin Jamus ko Holan a gefensu. Motocin da ma'aikatu da ƙungiyoyi ke gwanjonsu kan fito da tambarinsu. Ga sitikar haraji da ta ƙungiyar direbobi da ake sabuntawa, sabuwa bisa tsohuwa. Ga tambarin kulob ɗin ƙwallo, ga kirarin da tsohon mai motar ya rubuta wa mahassada. Duk wanda ya sayi abin hawa na hannu, abin da yake fara so shi ne ya share sawun wanda ya gabace shi.

Abin da ke ƙarƙashin sitikar

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai shafin farko da ke kama ƙarfe ya kare shi daga tsatsa, sai launin da ido ke gani, sai wani ruwa garai-garai a sama, wanda masu fenti ke kira kiliya. Shi ke ba mota sheƙi, shi ke tare wa launin rana. Duka hawan idan aka haɗa su, a motar da ta fito daga kamfani, kaurinsu bai wuce na fallen takardar rubutu ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba, kuma kiliyar ba ta kai rabin wannan ba. Wanda ya san haka ba zai ɗora reza a wurin ba.

Ita kuwa sitikar roba ce mai gam a bayanta, kuma ranar Sakkwato ba ta bar ko ɗaya daga cikinsu yadda yake ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, jikin mota mai duhun launi da ta yini a fili kuwa kan wuce 60, tafin hannu ba ya iya zama a kai. A hankali robar ke bushewa, ta rasa laushinta, ta tsattsage. Gam ɗin kuma ya dahu, ya kama fenti kamar ƙanzo a gindin tukunya. Shi ya sa sitikar da ta yi wata uku kan fito gaba ɗayanta da ɗan ja kaɗan, amma wadda aka liƙa tun kamfen ɗin 2023 sai dai ta riƙa fitowa gutsure-gutsure, ta bar gam ɗinta a baya.

Sai kuma wani abu da masu kallon bidiyon gyaran mota na ƙasashen waje a waya ba su cika lura da shi ba. Waɗancan bidiyoyi a kan fentin kamfani ake yin su. Motar haya da ta shekara goma tana bin hanyoyin Shagari da Tambuwal, da wuya a ce ba a taɓa sake mata fenti ba, ko dukanta ko ƙofa ɗaya. Fentin da aka fesa a gareji bai kai na kamfani ƙarfi ba, wani babu ma kiliya a kansa, wani kuma a kan fila yake zaune, wato ƙullun da ake cike lotsawa da shi. Irin wannan fenti yana iya biyo sitikar ya taso tare da ita idan aka fizge ta. Don haka tambayar farko kafin a taɓa komai ita ce: fentin wurin nan na asali ne ko na gareji? Idan aka goga farin ƙyalle da ɗan folish a wani lungu, launin motar ya fito a ƙyallen, to babu kiliya, sai a ninka taka-tsantsan.

Kayan da ke ɓarna

Reza ce kan gaba, don tana da araha kuma kowane mai tireda yana da ita. A gilashi tana da amfani. A fenti kuwa, ko hannun ya kai na wanzami ƙwarewa, sai ta bar zane, kuma zanen da ya ratsa har ƙarfe, damina ɗaya ta ishe shi ya fara tsatsa.

Tina ta fi ta muni. Aikin da aka yi ta dominsa ke nan, narkar da fenti, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ta cinye gam ta zarce da abin da ke ƙarƙashinsa. Man birki ma haka: ɗigonsa kaɗai idan ya kwana a jikin mota yakan kumbura fenti ya ɗaye shi. Soson ƙarfe da garin sabulun wanki su ke barin wancan dusasshen wuri mai kama da toka.

Fetur shi ne mai rikitarwa, domin gaskiya yana narkar da gam, kuma ga shi a kwalba a bakin hanya. A fentin kamfani mai ƙarfi, shafa ɗaya da aka wanke nan take ba lallai ta nuna illa ba, wannan ne ma ya sa mutane suka yarda da shi. Amma a fentin gareji yana kashe sheƙi, yana ɓata baƙar robar bamba da ta bakin gilashi, ga haɗarin wuta idan an yi shi kusa da mai shayi ko mai sigari. Tun da aka janye tallafi a watan Mayun 2023 ma, ba za a ce da shi abu mai arha ba.

Yadda aikin ke tafiya idan ana son fenti ya tsira

Ana farawa ne da wanki, kuma wannan ne matakin da aka fi tsallakewa. Ƙurar da ke jikin mota a wannan yanki, musamman da hunturu, rairayi ce mai laushi. Duk ƙyallen da aka goga a kanta ya zama samfefa. Sai an wanke sitikar da kewayenta da ruwa da sabulu, an tsane, kafin a ci gaba.

Sai ɗumi. Gam yana saki idan ya ji ɗumi, yana ƙanƙamewa idan ya yi sanyi, shi ya sa sanyin asubar Janairu ya zama mafi munin lokacin wannan aiki. Inda akwai wuta ko janareta, na'urar busar da gashi irin ta masu gyaran kai ta wadatar: a riƙe ta da tazarar kamar taƙi ɗaya, ana yawo da ita, ba a tsayar da ita wuri guda ba. Inda babu wuta, kuma ba baƙon abu ba ne a ƙauyukan Shagari, tawul da aka tsoma a ruwan zafi aka ɗora na 'yan mintoci yana yin aikin. Ranar da ta ɓata sitikar ma tana iya taimakawa: a bar motar ta sha hantsi, jikinta ya yi ɗumi, sannan a ja ta inuwa a fara. Ma'aunin shi ne hannu. Idan tafin hannu zai iya zama a wurin, ɗumin ya yi daidai. Idan ba zai iya ba, ya yi yawa, gam zai koma kamar narkakkiyar alewa ya dame ko'ina, robar kuma ta riƙa tsinkewa. Tsakar rana a watan Afrilu ba lokacin aikin ba ne. Kyandir, ashana ko wutar walda kuwa ba su da wuri a nan ko kaɗan.

Idan wurin ya yi ɗumi, sai a ɗaga kusurwa ɗaya da farce ko da tsohon katin ATM. Roba ba ta yanka kiliya kamar ƙarfe. Yadda ake ja shi ne sirrin: ba a ɗaga sitikar sama a fizge ba, a kan naɗe ta baya ne a kan kanta, tana kwance kusa da jikin motar, ana ja sannu a hankali. Da an ji ta yi tauri, a tsaya a ƙara ɗumi. Idan aka ga launin mota ya fara bin bayan sitikar, a dakata nan take, wannan aikin ya koma na mai fenti.

Tsohuwar sitika da ta riga ta farfashe ba ta da gajeriyar hanya. Ɗumi, kati, ɗumi, kati, gutsure bayan gutsure. Babbar sitikar ƙofa tana iya cin awa ɗaya ko fiye. A manyan gareji akwai wata faifan roba mai laushi da ake ɗaurawa a injin huda, tana murje ragowar kamar yadda abin goge fensir ke yi, amma ita ma idan aka danna ta wuri guda tana ƙona fenti, kuma ba a kai ta kan bamba ta roba.

Daga nan sai gam ɗin da ya rage, wanda a kansa ne mafi yawan mutane ke ƙosawa su ɗauko tina. Abin da ke cikin kicin ya isa. Man gyaɗa, idan aka shafa aka bar shi minti goma zuwa sha biyar, yana ratsa gam ya sassauta shi, sai a murza da yatsa ko ƙyalle mai laushi, ya dunƙule ya fita. Wanda ya yi taurin kai, ɗan kananzir a ƙyalle ko feshin WD-40 da masu kayan gyara ke sayarwa yana fitar da shi. Sifirit na kantin magani ma yana yi, musamman wurin share maiƙon ƙarshe. Sharaɗi biyu ne: a fara gwadawa a wurin da ido ba ya gani, kamar cikin bakin ƙofa, kuma a zuba a ƙyalle, ba a kwarara a jikin mota ba. Ƙyallen ma a riƙa juya shi, domin gefen da ya ɗauki gam da ƙura idan aka ci gaba da shi, zane zai yi.

A ƙarshe a sake wankewa da sabulu don kada mai ko kananzir ya kwana, a shafa folish. Wurin da aka yi wa wannan aiki ya rasa duk wata kariya da ke kansa, kuma gobe rana za ta fito.

Gilashi ya fi sauƙi. A jiƙa shi da ruwan sabulu, a kwantar da sabuwar reza a tura. Amma ban da cikin gilashin baya, inda siraran layukan nan masu ɗumama gilashi suke, reza na tsinka su. Ban da kuma gilashin da aka yi wa tinti ta ciki.

Tambari da zaren fatsa

Haruffa da tambarin da ke bayan mota, irin sunan kamfani ko lambar samfuri, yawancinsu da wani soso mai gam fuska biyu aka manna su. Wasu kan cire su don kwalliya, wasu don rabi ya riga ya faɗi, ragowar ta zama abin dariya. Kuskuren da aka saba shi ne a zura sukundireba a ɓanɓare, sai a bar lotsawa da zane.

Maganinsa yana wurin masunta, kuma yankin da ke da madatsar ruwa ta Shagari ba ya rasa su. Zaren fatsa na roba, a naɗe bakinsa biyu a 'yan sanduna don kada ya yanki yatsa, a zura shi ta bayan tambarin bayan an ɗumama, a riƙa ja hagu da dama kamar zarto. Zaren sai ya yanka soson ya bar fenti. Abin da ya rage a bi shi da mai da yatsa. Sai dai wasu tambura, musamman babban na tsakiya, suna da ƙafafu da suka shiga ramuka a jikin ƙarfe. Idan zare ya tsaya cak ya ƙi wucewa, alama ke nan. Wanda ya matsa ya cire irin wannan zai tarar da ramuka biyu da ruwan sama zai riƙa bi.

Babur da Keke

A Dandin Mahe da ƙauyukan da ke kewaye, babur ya fi mota yawa nesa ba kusa ba, kuma ɗan kabu-kabu ya fi kowa son sitika. A nan akwai tarko guda. Zanen da kamfani ya yi wa tankin babura da yawa yana ƙarƙashin kiliya ne, ba a samanta ba. Idan aka shafa yatsa ba a ji bakin sitikar ya taso sosai ba, to ba mai ciruwa ba ce, duk wanda ya ce zai cire ta sai ya kankare fentin tankin. Wadda mai babur ya liƙa da kansa ce kaɗai ke fita.

Tanki kuma tanki ne, fetur ke ciki. Ruwan ɗumi ko hantsi kawai, babu maganar kusanto da wuta. Murafun gefe na roba ne, tina da fetur suna cin su su bar su fari. Keke Napep kuwa, wadda 'yan siyasa suka fi son rabawa da hotonsu a manne, ƙarfenta siriri ne kuma fentinta ba shi da kauri, ga tamfol da robar baya da ba sa jure kananzir mai yawa. Ruwan sabulu mai ɗumi da man gyaɗa sun fi dacewa da su.

Inuwar da ba ta fita

Ko an bi duk waɗannan matakai, akwai abin da ba a iya kauce masa idan sitikar ta daɗe. Fentin da ke ƙarƙashinta bai sha rana ba, na kewaye kuwa ya sha shekara biyu ko uku. Da an cire sai siffarta ta fito ɗau, sabon launi a tsakiyar tsoho. Jar mota ta fi kowace nuna wannan, fara kuma ta fi ɓoyewa. Folish mai ɗan kaifi da aka bi dukan ƙofar da shi, ba wurin kaɗai ba, yana rage bambancin, watanni a rana kuma su ƙara daidaita shi. Amma wani lokaci sunan ɗan takarar kan ci gaba da karantuwa a jikin ƙofa, shekaru bayan shi kansa ya bar jam'iyyar.

Masu sayen mota sun san wannan inuwa, kuma suna karanta ta. Tana gaya musu motar ta yi kamfen, wato ta sha lodi da gudu a hanyoyin karkara. Tana iya nuna ta taɓa zama ta wata ma'aikata ko kamfani, abin da ke sa mai hankali ya nemi ganin takardun gwanjo kafin ya biya. Haka kuma sabuwar sitika a motar da aka kawo sayarwa abar tuhuma ce, domin hanya ce mafi arha ta rufe tsatsa ko tsagewar fila. Mai saye yana da haƙƙin ya ce a ɗaga ta ya gani.

Akwai kuma waɗanda ba a cirewa ko da sun tsufa: 'yar takardar da ke bakin ƙofar direba mai nuna yawan iskar taya, duk wata mai ɗauke da lambar jikin mota, da jan kaset mai ƙyalli da ke bayan manyan motoci da Keke, wanda shi ke nuna su ga mai tahowa da dare a hanyar da babu fitila.

Zaɓen 2027 na ƙaratowa, kuma za a sake zuwa tasha da damin sababbin sitika da ɗan abin sayen mai. Direban da ba ya son ya ƙi karɓa, kuma ba ya son ya yi asarar ƙofarsa, yana da zaɓi: ya nuna kusurwar gilashin gefe na baya, ta waje, inda ba ta tare masa gani. A can, ranar da maigida ya sauya sheƙa, ruwan sabulu da reza ɗaya sun gama aikin cikin minti biyar.